Ranar da Na Tona Asirin Latas Ɗina

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Kwanye, 'yar maƙwabciyata, ba. Ko da na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba. Ranar ce aka miƙa mini makirfo a gaban jama'a cike da rumfa, ni kuwa na buɗe bakina na zuba wa kowa ƙasa a abinci. Da ma ƙasar ce, da abin ya zo da sauƙi.

Bari in fara daga tushe, domin wanda bai san ni ba. Ni tsoho ne, na wuce shekara saba'in. Daga duwatsun Michika na sauko Mubi ina saurayi, da karatun aji huɗu a kaina, na samu aikin lebura a gandun renon itatuwa. Shekara talatin ina jan ruwa, ina cika leda da ƙasa, ina sauraron malaman gona suna koyar da ɗalibai. (Rabin abin da suke faɗa nake ji, sauran rabin kuma in cike shi da hankalina. Ku riƙe wannan, domin nan ne bakin zaren.)

Matata Rahila ta rasu shekara biyar da suka wuce. Ɗana yana Fatakwal, 'yata tana Jos. Suna kira, ba zan yi musu ƙarya ba, amma irin kiran nan ne na "Baba, ka ci abinci? To, sai an jima." Gida mai ɗaki huɗu ya koma ni kaɗai da rediyo. Akwai ranar da sai da la'asar, da na je gaida wani a hanya, na ji muryata ta shaƙe, sannan na gane ban furta kalma ko ɗaya ba tun da na tashi. Lokacin da Rahila take raye, mata ba sa rabuwa da tsakar gidanmu. Da ta tafi, sai na gane ba wurina suke zuwa ba. Ni dai kujera ce da ake gaisarwa a wuce.

Ana haka, wata rana a kasuwa na ga wani direba da ya shigo daga wajen iyakar Kamaru da kwali a gabansa. A ciki akwai wasu 'yan dabbobi biyu, gajeru, ba wutsiya, masu launin fari da ja. Ya ce ɓerayen Masar ne, a can ana kiwonsu kamar zomo. Na miƙa musu ganyen kabeji, sai ɗayan ya ɗaga kai ya yi mini wani ɗan fito. Ba zan iya kwatanta muku yadda na ji ba. An daɗe wani abu mai rai bai yi murnar ganina ba. Na koma gida na kamo zakarana na ba direban, na ɗauko kwali.

Maƙwabcina Malam Iro kafinta, wanda kakanninsa daga Katsina suka zo, shi ya haɗa mini keji. Yana buga ƙusa yana girgiza kai. Ya ce shi a gidansa kyanwa yake ciyarwa don ta kori ɓera, ni kuma na ba da zakara na kawo ɓera gida. Na ce masa ai waɗannan baƙi ne, ba irin na rumbu ba.

Ya ce, "Maƙwabci, ɓera dai ɓera ne, ko da jirgi aka kawo shi."

Na yi dariya na bar shi da maganarsa. Kejin a ƙasa muka ajiye shi, jikin katangar baya, domin ni na ce ba sai an yi masa ƙafafu ba.

Abin da direban bai gaya mini ba shi ne yadda suke haihuwa. Kafin shekara ta zagayo, biyu sun zama fiye da talatin. Da safe idan suka ji ƙarar ƙofata, sai gidan ya ɗauki fito kamar 'yan makaranta an tashi. Ina yanka musu ciyawa a bakin mayo, wato rafin garin, ina zuba musu dusa, ina yi musu hira da yarenmu na Kamwe, tun da ba wanda zan yi da shi a gidan. Ina ba su labarin Rahila. Ina gaya musu wanda ya yi barci a coci ranar Lahadi. Dusar kuwa ta gayyato wasu baƙin da ban kira ba: ɓerayen gida, da wata ƙatuwar gafiya da ta haƙa rami ta ƙarƙashin katanga. Kowa ya zo ya ci, ya bar kashinsa a wurin. Ni kuma in share duka a haɗe, na baƙo da na ɗan gari.

Tarin kashin nan shi ya tuna mini da gandu. Na taɓa jin wani malamin gona yana cewa ana jiƙa taki a durom a yi ban ruwa da shi. Yanzu da na zauna na yi tunani, na tuna ya ce sai takin ya ruɓe tukuna na tsawon makonni, kuma a gindin shuka ake zubawa. Amma a lokacin, "jiƙa" da "durom" kawai suka rage a kaina. Na gyara filin bayan gida na shuka latas. Kowace safiya in kwashe kashin ɗanye in zuba a durom, in dama da sanda, bayan kwana biyu in cika garwa mai rariya in yayyafa daga sama. A hankalina, idan mutum da baki yake ci, to shuka ma ganye ne bakinta.

Latas ya yi kyau, wannan kam ba gardama. Kowane kai kamar faifai, ganye kore shar. Maman Tizhe, wadda gidanta yake kallon nawa, ita ta fara leƙowa ta kan katanga ta ce ko zan sayar. Na ce ba na sayarwa ba ne, ta shigo ta ɗiba. Washegari ta zo da wata. Kafin mako biyu, mata bakwai ne suke shigowa gidana kowane yamma, wasu da jikoki a baya. Na sa Malam Iro ya yi mini dogon benci. Na koyi dabara: ba na barin kowa ta tsinka da kanta, ni nake tsinka, kuma a hankali nake yi, ina zaɓe ina juyawa, don su daɗe a zaune. Suna hira, suna gulma, wani lokaci har su tambaye ni ra'ayina. Ni da na yi shekara biyu ba wanda ya tambaye ni ko ƙarfe nawa.

Keji kuwa yana can bayan zana, durom ma haka. Ba wai ɓoyewa nake yi ba (haka nake gaya wa kaina), sai dai ba wanda ya tambaya. Suna jin fiton su ɗauka tsuntsaye ne. Har yaba mini suke yi, wai latas ɗin Baba ba kamar na kasuwa ba da ba a san ruwan da aka ba shi ba, nawa ɗauraya ɗaya ta ishe shi.

To, ga inda laifina yake, kuma ba zan zagaye shi ba. Wata safiya ina shara na ga wasu abubuwa farare kamar guntun zare a cikin kashin. Na sa tsintsiya na ture. Bayan kwanaki, ɗaya daga cikin ɓerayen ya rame ya mutu, na farke cikinsa don in ga dalili, na tarar da irin zaren nan a hanjinsa. Na binne shi ban gaya wa kowa ba. Ba a daɗe ba jikokin Maman Tizhe biyu suka fara ciwon ciki da zawo, ba sa son abinci, suna ramewa. Sai na gidan gaba, sai na gidan bayan su. Aka kai su asibiti aka ce tsutsar ciki ce, aka ba su magani, suka warke, bayan wata guda abu ya dawo. Ni kaina cikina yana murɗawa, wandona yana zamewa, na ce tsufa ne.

Akwai safiyar da na tsaya da garwa a hannu, ruwan yana ɗiga a ƙafata, zuciyata ta ce mini: anya ba wannan ba ne? Na juya na kalli bencin. Na ga idan har shi ne, to bencin nan zai koma itace. Sai na ce wa kaina ai ni ba likita ba ne, na ci gaba da yayyafi.

Ban tsaya nan ba. Da yamma da Maman Tizhe take kukan ciwon jikokinta, ni da bakina na yi mata wa'azi. Na ce matan yanzu ba sa wanke wa yara hannu, ga alewa, ga yawo ba takalmi. Na ce a zamanin Rahila ba a san wannan ba. Baiwar Allah ta sunkuyar da kai ta ce za ta ƙara kula. Na tsinka mata latas mafi girma na ce ta ba su, ganye yana ƙara jini.

Da aka sa ranar auren 'yarta Kwanye, cikin watan Kirsimeti, ni na tashi a gaban mata na ce salak ɗin biki gaba ɗaya a wuyana yake. Na ƙara kadada (to, ba kadada ba, layi shida ne, amma a idona kadada ce). Na ninka yayyafi. Ranar jajibiri aka kwashe manyan robobi huɗu daga gidana. Tun rasuwar Rahila ban ga mutane da yawa haka a tsakar gidana ba. Na fito da babbar rigata da ta daɗe a akwati, na shanya ta don warin kafur ya fita.

Bayan ɗaurin aure a coci, aka yi liyafa a filin makarantar unguwa. Dangin ango sun zo daga Betso a kan babura da motar ɗaukar kaya. An raba shinkafa da nama, kowane faranti da tulin salak a gefe, an zuba masa ƙwai da madara. An ba ni kujera a layin gaba, kusa da fasto. Ina kallon bakunan mutane suna taunar ganyena, ina jin kaina kamar wanda ya haifi amaryar.

Sai mai gabatarwa, wani matashi mai surutu kamar rediyo, ya ce akwai dattijon da ya kamata a tafa masa. Ya ce duk wanda ya ji daɗin salak ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi. Ya kira ni, aka yi tafi, 'yan Zumuntar Mata ta coci suka rangaɗa guɗa. Na tashi na fita gaba. Ya rungume kafaɗata ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin latas irin wannan ba.

Ya ce, "Baba, yau sai ka faɗa mana sirri. Wane taki kake sa masa?" Ya danƙa mini makirfo.

Mai hankali zai ce albarkar Allah ce, ya yi wa ango da amarya fatan alheri, ya zauna. Amma ku duba halin da nake ciki. Mutumin da ya saba yi wa ɓeraye hira, yau ga jama'a sun yi tsit suna jiran maganarsa. Duk wani zare fari ya fita daga kaina. Abin da ya rage shi ne in nuna musu ni ma na yi aiki da malaman gona.

Na gyara murya na ce ba takin zamani ba ne, ni ba na sa wa mutane guba. Aka tafa. Tafin nan shi ya ƙarasa ni.

Na ce, "Kashin ɓera ne."

Wasu suka yi dariya, sun ɗauka raha ce. Ni kuma na ɗauka dariyar yabo ce, sai na shiga bayani dalla-dalla. Na faɗi yawan ɓerayen. Na faɗi yadda nake kwashe kashin da safe tun bai bushe ba, yadda nake damawa a durom har ya yi kauri kamar kunu (kunu na ce, a wurin da ake cin abinci). Na ce har gafiya tana ba da nata gudummawar. Na ce kuskuren da mutane suke yi shi ne zubawa a gindi, alhali a kan ganye ya kamata.

Na ƙara da cewa, "Wannan da kuke ci ma, shekaranjiya na yi masa yayyafin ƙarshe don ya yi sheƙi."

Ban taɓa sanin cokula suna da ƙara haka ba sai da na ji ana ajiye su a lokaci ɗaya. Fasto ya tsaya da loma a baki, ya rasa gaba ya rasa baya. Ango ya ture farantinsa a hankali kamar mai tsoron kada ya tashi. Kakar ango, wata tsohuwa da ba ta jin Hausa sosai, ta ga kowa ya daina ci, ta tambayi ta kusa da ita. Aka fassara mata da yarensu. Duk rumfar muka jira aka gama fassarar, sannan ta juya gefe ta tofar.

Da a nan aka tsaya, da an yi dariya an wuce. Amma amarya tana da gwaggo mai suna Masi, nas ce, kuma ita ce ta yi ta fama da jikokin nan tana ba su magani yana dawowa. Na ga ta taso daga teburin manya tana tahowa wurina, ba gudu ba fushi. Ta durƙusa kaɗan kamar yadda ake yi wa babba, ta matso kusa da kunnena don ta rufa mini asiri.

Ta ce a hankali, "Baba, ka taɓa ganin wani abu a cikin kashin?"

Na ce, "Wasu farare kamar zare. Amma ba kullum ba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin yaran su fara ciwo."

Ita da raɗa ta yi tambayarta. Ni kuwa makirfo yana nan a bakina, na riƙe shi da hannu biyu. Na ji muryata ta fito daga manyan lasifika huɗu, ta bugi bangon aji ta dawo mini. Tun kafin yaran su fara ciwo. Ba wanda ya ce mini yara. Ni na kawo su cikin maganar, kuma kowa ya gane cewa wanda ya haɗa biyun nan a baki, ya daɗe da haɗa su a zuci.

Na ɗaga ido na ga Maman Tizhe a tsaye da tire a hannu.  Kallona kawai ta yi, sannan ta ajiye tiren ta shiga bayan rumfa. Kwanye ta rufe fuska da mayafinta. Mai gabatarwa ya zare makirfo daga hannuna ya ce a saki kiɗa, mai kiɗan kuma ya rikice ya saki waƙar da ake rakiyar gawa da ita, kafin ya canza. Na bi ta tsakanin kujeru na fita, babbar rigata tana kama ƙafar kowace kujera. Ba wanda ya tare ni, ba wanda ya raka ni.

Ranar Litinin Masi ta zo gidana da safar hannu da 'yan kwalabe. Ta ɗebi ruwan durom, ta ɗebi kashin, ta ba ni kwalba ɗaya ta ce in kawo nawa. (Shekara saba'in da ɗoriya, yarinyar da na ga an yi mata baftisma tana koya mini yadda zan cika kwalba.) Sakamako ya nuna wata 'yar ƙaramar tsila ce, irin wadda ƙwanta yake fita a kashin ɓera ya shiga cikin mutum ta abinci ɗanye. Tana cikin durom, tana cikin yaran, tana cikina. Masi ta ce ba za ta iya rantsewa ko ɓerayen Masar ne suka zo da ita ko na gida ne suka shafa musu ba, tun da na haɗa musu kwano ɗaya. Ta ce yara suna iya ɗaukar ta a wasu wurare ma, amma ga dalilin da ya sa magani ba ya riƙewa: suna sha da safe, da yamma ni in aika musu da sabuwa.

Lahadin da ta biyo baya aka yi sanarwa a coci cewa duk wanda ya ci salak a bikin ya je ya karɓi maganin tsutsa. Aka aika saƙo har Betso. Ban je coci ranar ba, amma lasifikar tana kaiwa har gidana. Har yau a unguwarmu idan ana lissafin lokaci, sai ka ji an ce "shekarar bikin maganin tsutsa." Wannan ne sunan da na bar wa auren yarinyar da ba ta taɓa yi mini komai ba sai gaisuwa.

Ashe wani ya ɗauki jawabina a waya. 'Yata ta gani a Jos kafin in gaya mata. Ta kira ta yi faɗa, ta yi kuka, daga baya dariya ta ƙwace mata. Ta ce ta karanta cewa a ƙasashen Turawa ma akwai wani ƙaton ɓeran ruwa da ake kira nutiriya, wasu suka kwaso shi daga wata nahiya don kiwo, ya tsere ya cika koguna, yanzu likitoci suna samun tsutsotsi a cikinsa waɗanda suke iya kama mutum ta ruwa ko ta ganye. Na ce ashe ba ni kaɗai ba ne, har masu digiri sun ba da zakara sun ɗauko kwali. Mun fi awa ɗaya muna magana. Tun rasuwar uwarta ba ta taɓa daɗewa da ni a waya haka ba. Na ajiye wayar ina tunanin irin tsadar da hira ta yi.

Na tuge latas ɗin duka na ƙona, na kifar da durom a rami na rufe. Ɓerayen kuwa na so in hallaka su don haushi, sai Malam Iro ya ce su ba su riƙe makirfo ba. Likitan dabbobi ya ba su magani, ya karɓi yawancinsu. Na bar biyu, duka maza, na koyi darasi. Malam Iro ya yi wa kejin dogayen ƙafafu da ragar waya, ya toshe ramin gafiya da siminti, bai ce "na gaya maka" ba ko sau ɗaya. Ya dai yi ta waƙa a ƙasa-ƙasa yana aikin, abin da ya fi maganar ciwo.

Benci ya zauna wata uku ba wanda ya hau shi sai ƙadangare. Da yamma in ji muryoyin mata suna wucewa ta ƙofata, su rage sauti, su ƙara sauri. Daga ƙarshe na ɗauki sandata na bi gidajen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yi dariya sun ce ya wuce. Wata ta ce ta yafe amma kada in ƙara ba ta ko ruwa. Gidan Maman Tizhe na bari na ƙarshe. Ta fito bakin ƙofa, ba ta ce in shiga ba. Na cire hula na faɗi abin da na zo faɗa. Jikokin suna wasa a bayanta, sun murmure, kumatu sun dawo.

Ta ce, "Baba, kashin bai dame ni ba. Kowa yana kuskure. Amma ka gani da idonka, sannan ka zaunar da ni ka ce ba na wanke wa jikokina hannu. Na je gida na yi kuka ranar. Na doke uwarsu da baki a kan laifin da ba nata ba."

Na ce tsoro na ji kada su daina zuwa.

Ta juya ta kalli jikokinta. Sannan ta ce, "Da ka ce mana kaɗaici ne yake damunka, ai da mun zo ko ba latas."

Ban san ko gaskiya ne ba. Wataƙila da sun zo sau biyu su gaji. Amma ban taɓa ba su damar su gwada ba, kuma wannan ba zan iya ɗora wa kowa ba.

Da damina ta faɗi na shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo, abubuwan da sai sun bi ta wuta kafin su kai baki. Takin yana kwana a rami wata uku, kuma a gindi nake zuba shi. Cikin mata bakwai, uku sun dawo. Maman Tizhe tana shigowa wani lokaci, ta karɓi kuɓewa a tsaye, ta tambayi lafiyata, ta tafi. Ba ta zauna ba har yanzu, ni ma ban ce ta zauna ba. Kwanye ta haihu bara, an gayyace ni suna, an kuma aiko da saƙo cikin ladabi cewa kada in wahalar da kaina da kawo komai.

Abin da na koya a tsufana shi ne: idan kana son mutane su zo gidanka, buɗe baki ka ce su zo, ya fi ka ɗana musu tarko da ganye. Idan kuma ka ga farin zare a inda bai kamata ba, faɗe shi tun yana tsakaninka da mutum ɗaya. Gaskiyar da ka ƙi faɗa a kan benci tana da haƙuri ƙwarai, za ta jira har ranar da aka haɗa lasifika huɗu.